Babi na Bakwai: Jikka Goma Duk Wata

Manomin ƙasar Arewa ta Nijar yakan sayar da hatsinsa lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi lokacin da ya fi tsada, kuma ba rashin lissafi ke jawo masa haka ba. Da kaka, wajejen Oktoba zuwa Nuwamba, dammunan hatsi na shiga rumbu masu bin bashi na sallama a ƙofar gida. Ga mai awon da aka ci bashin tiya-tiya a hannunsa tun damina, ga haraji, ga yara sun koma makaranta, ga auren da aka ɗaga aka ce sai bayan girbi. Kowa ya ɗauki hatsi ya nufi kasuwa lokaci guda, farashi ya zube, 'yan kasuwa su auna su kimshe a sito. Bayan wata bakwai ko takwas, ruwa ya sauka, an yi shuka, rumbu ya kusa ƙarewa, sai mutumin nan ya koma wurin ɗan kasuwar nan, wannan karon shi ne mai roƙon a rage masa.

Tsadar ma da sauƙi a kan abin da take yi wa gona. Yuli da Agusta watannin noma ne da maimai, lokacin da sakacin 'yan kwanaki ke sa ciyawa ta shaƙe yabanya. A daidai lokacin ne gidan da ba shi da abin sawa a tukunya yake tura ƙarfafansa barema gonar mai hali, su wuni suna noma su karɓi na tiya ɗaya ko biyu da yamma. Gonar mai hali ta yi fes, ta talaka tana jira. Kafin ya waiwaye ta ya makara, ga jiki babu ƙarfi, sai da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya. Kaka ta zo da dammunan da ba su kai na bara ba, bashi kuma ya fi na bara.

Ƙasar da muke magana a kanta tana bin Dallol Mawri ne, tsohon kwarin da ya gangaro daga arewa ya bi ta Matankari, Dogon Dutsi, Kiyeshe, Kore Mai Ruwa, Tibiri da Geceme, ya nufi kogin Kwara ta wajen Gaya. A cikin kwarin ruwa na kusa, mai fili a can yana iya noman rani: rake, rogo, albasa, da dankalin Turawa da Dogon Dutsi ta yi suna da shi. Da an hau tudu kuwa labari ya sauya. Hatsi ne da wake, sai ɗan filin gyaɗa ko gujiya ko yakuwa na mata, duk a kan ruwan wata uku zuwa huɗu. Shi ya sa da an gama girbi samari ke ɗaukar jaka su tafi cin rani Yamai, Sakkwato, Birnin Kebbi, Legas ko Kwatano.

Raba wa mabukata kuɗi a hannu maimakon buhun abinci ya fara shigowa Nijar ne a bayan yunwar 2005, lokacin da Red Cross ta Birtaniya ta gwada shi a Tanut. A 2010 ƙungiyar Concern ta yi nata a jihar Tawa, wasu ƙauyuka a ba su a hannu, wasu a tura musu ta wayar salula. Duk waɗannan agajin gaggawa ne: yunwa ta zo, a raba na ɗan lokaci, a naɗe tabarma. A 2011 ne gwamnati, da tallafin dala miliyan 70 daga Bankin Duniya, ta kafa shiri mai ɗorewa ƙarƙashin ofishin Firaminista, wanda takardun hukuma ke kira Filets Sociaux. Ya fara da jihohi biyar: Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Tsarinsa a taƙaice shi ne, gidan da aka zaɓa zai riƙa karɓar jikka goma a lissafin Nijar, wato sefa 10,000, duk wata har wata 24, ko an yi damina mai kyau ko ba a yi ba, kuma mace ce za ta miƙa hannu ta karɓa.

Tibiri da Geceme suna cikin waɗanda aka fara da su. Tibirin Arewa ake nufi, ta Samna, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, ba Tibirin Gobir ba. Da yake kuɗin ba zai ishi kowane ƙauye ba, sai aka tara masu gari da jami'an ƙaramar hukuma aka jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Wanda sunan garinsa ya fito ya shiga, wanda bai fito ba ya yi haƙuri. An yi haka ne don kada a ce an yi son kai, amma ya haifar da wani amfanin: tunda sa'a ce kawai ta raba ƙauyukan, duk bambancin da aka gani tsakaninsu bayan shekara biyu ana iya jingina shi ga kuɗin. Masu bincike sun bi gidaje a waɗannan ƙananan hukumomi biyu da wasu huɗu na jihar Maraɗi, tun 2012 kafin a fara biya har 2015. Saboda haka abin da za a faɗa a nan ba jita-jitar kasuwa ba ce, an auna shi, kuma wani ɓangare nasa a Arewa aka auna.

Jikka goma ba dukiya ba ce. A lokacin ba ta wuce dalar Amurka 20 ba, ga gidan da zai iya kai mutum takwas ko goma. Ba ta sayen saniya, ba ta sayen amalanke, a watannin tsada ma ba ta cika buhu. Wata 24 in aka haɗa sefa 240,000 ne. Duk wanda ya yi tsammanin za ta mai da talaka attajiri bai taɓa ciyar da gida ba.

Abin da Patrick Premand da Quentin Stoeffler suka samu, a binciken da suka wallafa a 2022, shi ne abin da gidajen ke ci da kashewa ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Wannan ba abin mamaki ba ne, an ba mutum kuɗi ya ci. Abin lura yana cikin yadda ƙarin ya rarrabu. Da suka ɗora bayanan ruwan sama a kan taswirar ƙauyukan, sai suka ga mafi yawan ƙarin ya taru ne a ƙauyukan da fari ya taɓa, kuma a can amfanin da gidajen suka samu ya zarce adadin kuɗin da aka ba su. An ba gida jikka goma, amma tazarar da ke tsakaninsa da makamancinsa na ƙauyen da ƙuri'a ba ta faɗa wa ba ta fi jikka goma.

Ta ina rarar ta fito? Binciken ya nuna gidajen da ke karɓa sun fi shiga asusu da adashi, sun kuma fi iya riƙe abin da suke samu daga noma da ƙananan sana'o'i a shekarar da ruwa ya yi gardama. Sauran bayanin, wanda ya san ƙauye zai iya cikasa shi. A shekarar fari, asarar talaka ba ta tsaya ga hatsin da bai nuna ba. Matarsa mai ƙuli-ƙuli ta cinye jarinta, kaskon suya ya koma ƙarƙashin gado. Irin da aka ɓoye don baɗi ya shiga turmi. Akuyar da za ta haihu an kai ta kasuwa ranar da kowa ya kai tasa. Shi kansa ya bar gonarsa ya tafi barema. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan asara ce mai haifar wata. Kuɗin da ke zuwa duk wata ba ya sa ruwa ya sauka, amma yana hana a sayar da abin da bai kamata a sayar ba, a ranar da bai kamata ba.

A ganina, nan ne sirrin abin yake, kuma yana cikin kalmomin nan biyu, duk wata, fiye da yadda yake cikin jikka goman. Matar da kowa a gari ya san za ta karɓi kuɗi a ƙarshen wata ta zama tamkar mai albashi a idon mai awo: in ta aiko yaro da ƙwarya ba a mayar da shi hannu rabbana, ba a kuma ɗaure ta da sharaɗin biya da hatsi in kaka ta yi. Uwar adashi ma tana karɓarta da murna, domin ta san zubinta ba zai yanke ba. Adashi kuwa shi ke mai da ɗan kaɗan ya zama dunƙule. Mata goma su zuba jikka biyu-biyu, wadda ɗauka ta zo kanta ta tashi da jikka ashirin, kuɗin akuya ke nan ko tunkiyar kiwo ko buhun gyaɗar matsa mai. Ba shirin ya koya wa matan Nijar wannan ba. Adashi ya girme shi nesa ba kusa ba, asusun Mata Masu Dubara ma tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi a Maraɗi, daga nan ya bazu har wasu ƙasashe. Shirin ya zuba ruwa ne a hanyar da aka riga aka haƙa. A gwajin farko na shirin da aka yi a Tawa da Tilaberi daga 2011 zuwa 2012, an koma ƙauyukan wata 18 bayan an daina biya, aka tarar gidajen da suka karɓa har lokacin sun fi takwarorinsu dabbobi, kuma adashin bai mutu ba.

Sai dai kuɗi ba ya shiga gida ya tarar da fili. Yana tarar da doka, wadda ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Ciyarwa ta maigida ce, shi ke fitar da hatsi daga rumbun gandu. Abin da mace ta samu a gamanarta ko a sana'arta nata ne, da shi take biki da suna da kayan ɗakin 'yarta. To kuɗin da aka ce na gida ne amma aka damƙa wa mace, wane layi zai bi? A gidan mai mata biyu ko uku, bisa al'adar shirin uwargida ake rubutawa. Amarya mai goyo da ƙananan yara, wadda sau da yawa ita ta fi buƙata, tana kallo.

Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyuka daban-daban na Nijar suna sauraron mutane game da rabon kuɗi, musamman na gaggawa da ƙungiyoyi suka yi, suka fitar da abin da suka ji a 2014. Sun tarar a wurare da dama mace na karɓa a gaban ma'aikata, ta koma gida ta miƙa wa maigida, shi ya sayo hatsi, ya ɗan tsakura mata wani abu. Ma'aikacin ofis zai ce an karya ƙa'ida. Matar kuwa za ta iya cewa ta sauke wa mijinta nauyin da dama nasa ne, ta kuma sayi zaman lafiya da kishiyarta. Ba na cewa babu mazan da ke ƙwacewa su kashe a shayi da goro, ko su ƙara aure, akwai su. Amma wanda ya ɗauka duk miƙawa ƙwace ne bai san yadda ake zaman aure a karkara ba. Abin da ya fi tabbata shi ne yadda aka miƙa kuɗin yana da tasiri a kan wanda zai yi iko da shi. A gwajin Tawa na 2010, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka bibiya, gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu ma sun fi samun ci. Dalili ɗaya shi ne matan ba su ɓata wuni a hanya da layi ba. Ɗayan kuma, saƙon waya ba ya shela, mace na iya zama da mijinta su yi shawara kafin gari ya ji.

Gari kuwa in ya ji, wata sabuwar magana ce. Zaɓen gidaje shi ne wurin da shirin ya fi jawo ƙorafi. Ma'aikata su zo da takarda ko na'ura su yi tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufin ɗaki, akwai dabbobi, akwai amalanke, akwai rediyo. A kai amsoshin a lissafa, sunaye su fito. Amma a ƙauyen tudu inda kusan kowa rumbunsa ke ƙarewa kafin sabon hatsi, tazarar da ke tsakanin wanda aka ɗauka da maƙwabcinsa da aka bari wani lokaci ba ta wuce akuya biyu ba. Wanda aka bari ba zai ce lissafi ne ba, zai ce maigari ne, ko siyasa ce, ko don bai da kowa a ofis. Masu binciken LASDEL sun ga garuruwan da, bayan motar masu rabo ta tashi, ake tattara kuɗin a sake raba wa kowa daidai, wani wuri da yardar mutane, wani wuri da matsin masu faɗa a ji. Sun ga gidajen da ake tsagawa biyu a kan takarda, da masu ɓoye dabbobi ranar ƙidaya.

Mutum zai zaci mafita ita ce a bar mutanen gari su zaɓa da kansu, tunda su suka san wanda ke kwana da yunwa. An gwada. Premand da Pascale Schnitzer sun kwatanta hanyoyin zaɓe a cikin shirin na Nijar, suka tarar mutane, har da waɗanda ba a ɗauka ba, sun fi amincewa da zaɓen lissafi a kan na kwamitin gari, domin 'yan kwamiti kan karkata ga kansu da nasu. Ashe baƙon da bai san kowa ba, ko ya yi kuskure, kuskurensa ya fi sauƙin haɗiya a kan son kan ɗan gari.

Akwai wurin da kuɗin bai kai ba, kuma gara a faɗe shi a fili. An yi fatan zai gyara girman yara, a ƙasar da tsumburewa saboda tamowa ta yi katutu. Shi ya sa a wasu ƙauyukan aka haɗa shi da faɗakarwa: taron gari duk wata, zaman mata rukuni-rukuni, da ziyara gida-gida, a kan shayar da nono zalla wata shida, wanke hannu, gidan sauro, yi wa jariri takardar haihuwa da wasa da yaro. Sakamakon da Premand da Oumar Barry suka fitar ya nuna kuɗi kaɗai ya gyara cimar manya amma bai taɓa ta yara ba. Faɗakarwar ce ta sa aka karkato da abinci iri-iri zuwa kwanon yara, ta kuma gyara yadda iyaye ke renonsu. Amma a tsayi da nauyi, ma'auni bai motsa ba. Ban ga abin mamaki a nan ba. Yaron da ke shan ruwan tabki, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi duk marka, likita na nesa, an kuma yi masa ƙane kafin ya yi ƙwari, ba jikka goma ce za ta miƙar da shi ba. Wannan aikin rijiya ne da asibiti, ba a kuma raba su a ambulan.

Daga baya shirin ya ƙara wani mataki ga matan da ke karɓa: asusu, mai ba da shawara daga cikin gari, da horon sana'a. A wasu ƙauyuka aka ɗora da jari dunƙule na sefa 80,000. A wasu, maimakon jarin, aka haska wa gari duka majigi a dandali, maza da mata da dattawa, aka tattauna a kan sana'ar mace da goyon bayan miji, aka kuma yi wa matan horon mako guda a kan tsara buri da yanke shawara. Wasu suka samu duka biyun. An bi ƙauyuka 322, sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2022. Duk hanyoyin uku sun ƙara cinikin mata da cimar gida da kwanciyar hankali. Amma in aka auna riba da abin da aka kashe, hanyoyin da ke da majigi da horon nan su suka fi. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, ba jari kaɗai ke tsare mace a gida ba. In miji da uwar miji da liman suka zauna a dandali ɗaya aka yi maganar a gabansu, fitarta kasuwa ta daina zama abin gulma.

Duk wannan yana tafiya ne in akwai hatsi a kasuwa kuma farashinsa bai haukace ba. Takardar kuɗi ba ta shiga tukunya. A wani gwaji na Hukumar Abinci ta Duniya a yankin Mirya na Damagaram a 2011, gidajen da aka ba abinci sun fi cin iri-iri, waɗanda aka ba kuɗi kuwa sun ruga sun sayi hatsi da yawa sun ajiye tun kafin ya ƙara tsada, suka kuma sa wani abu a kayan noma. Hankali ne irin na wanda ya san kasuwarsa. Kasuwar Arewa kuwa ƙafarta ɗaya tana Nijeriya. Masara da gero da dawa na shigowa daga Kebbi da Sakkwato, wake da dabbobi na tsallakawa can, kuma faɗuwar naira ko tashinta na sauya abin da jikka goma za ta saya a Tibiri ba tare da kowa a Yamai ya sa hannu a takarda ba. An ga haka lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

A 2019 aka shiga zango na biyu na shirin mai suna Wadata Talaka, aka ɗaga kuɗin wata zuwa sefa 15,000, aka kuma ƙara tsarin faɗaɗa biya in annoba ko fari ya auku, kamar yadda aka yi lokacin korona da bayan mummunar daminar 2021. Amma tushen kuɗin bai sauya ba, mafi yawansa daga waje yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Nijeriya, Bankin Duniya kuma ya dakatar da fitar da kuɗi zuwa ayyukan gwamnati. Abu biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya: hatsin da ke shigowa ya ragu ya yi tsada, asusun da ake biyan tallafi daga cikinsa kuma ya shiga halin rashin tabbas. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar ta buɗe a Maris, bankin ma ya dawo aiki a cikin shekarar. Sai dai mai awo da uwar adashi sun riga sun ga cewa biyan da suka ɗauka tabbatacce yana iya tsayawa saboda rigimar da ba a garinsu aka yi ta ba, kuma za su sa wannan a lissafi ranar da wata mai katin tallafi ta sake zuwa neman bashi.